Ruwan da Aka Yayyafa a Badarawa

Mun tashi da asuba, ana idar da salla, mu uku: ni, da ƙanin marigayi maigidana, da wata ɗiyar ƙanwata da ta taɓa zaman aure a Kaduna, ta san kan gari. Ban karya kumallo ba, goro kawai na jefa a baki. Abin da ya fitar da ni daga gida kowa a garinmu ya sani, amma bari in faɗa don wanda bai sani ba. Ɗana na fari, wanda ya bar maƙerar ubansa ya tafi Kaduna ya koyi walda da aikin inji, lantarki ya kashe shi a ɗakin aikinsa farkon damina. Maza suka je gaisuwa, ni ciwon ƙafa ya kwantar da ni. Suka dawo da labarin cewa sakacin matarsa Asabe ne: ta bar ruwa ya shiga ɗakin, ya taka, wuta ta riƙe shi. Dangi suka zauna suka yanke cewa da zarar ta fita takaba a je a karɓo 'ya'yansa biyu, mace mai shekara biyar da namiji mai biyu, a kawo mini. A zaman nan ba wanda ya kai ni ɗaga murya. Na ce macen da ta kasa tsare ruwan wanke-wanke ba za ta tsare mini jikoki ba.

Akori-kura ce ta kai mu Funtuwa, sule huɗu kowa. Ni har gobe da sule nake ciniki, nairar nan tasu ba ta zauna mini a baki ba. Kaka ce, dawa ta sunkuyar da kai, ana ta cirar gyaɗa hagu da dama. A Funtuwa muka shiga bas ta Zariya, aka matse ni tsakanin wata mai kwandon zabi da wani mai rediyo da ya ƙi kashewa ya kuma ƙi samun tasha. Idona na kan direba. Tun da aka mayar da motoci hannun dama ban ƙara yarda da direba ba, sai in ga kamar ya manta hannun da yake. Wannan kuwa yana tuƙi yana ɓare gyaɗa. Na ce masa ko ya ci ko ya tuƙa. Mota ta yi dariya, shi bai yi ba, amma ya ajiye.

A Kwangila muka canza mota. Ɗiyar ƙanwata ta sayo ƙosai, uku sisi, ƙanana kamar 'ya'yan kanya, man kuma ya kwana. Na ciji ɗaya na miƙa mata sauran. Daga Zariya hanya ta miƙe sumul, kwalta har Kaduna. Wajen Jaji sojoji suka leƙa suka ɗaga mana hannu, masu rake suka bi motar da gudu. Ƙanin maigidana ya sayi sanda biyu, ya ce na yara ne, su sha a hanyar dawowa.

Tun kafin Kawo na fara ganin wayoyin wuta, falwaya bayan falwaya, kamar an yi shanya ba a sa tufafi ba. Na daɗe ina kallonsu. Ga abin da ya ci mini ɗa yana rataye bisa kan kowa, tsuntsaye sun jeru a kai suna gyaran gashi, ba abin da ya same su. A tashar Kawo hayaniya ta yi yawa, kowa da irin Hausarsa, ta Kano da ta Sakkwato da wadda ban san ta ina ba ce. Mai tasi ya ce sule uku zuwa Badarawa, tafiyar da in ƙafata lafiya da na taka. Muka iso ana kiran azahar, daidai lokacin da ma'aikata suka fara komowa a kan kekuna da babura, takardu ɗaure a baya.

Asabe ta tarye mu a tsakar gida, ta durƙusa har ƙasa. Ta rame, wuyanta ya fito. Ta ce, “Sannu da hanya, Inna. Ya ƙarin haƙuri?” Na ce, “Da godiya,” ban ƙara ba. Ta kawo shinkafa da miya, da ruwan sanyi da ta roƙo daga firjin maƙwabta, wanda ya kusa zubar mini da sauran haƙora. Ina ci ina duba ɗaki. Ga fanka a sama ba ta juyawa, ga ƙwan lantarki ƙura ta lulluɓe shi, a ƙasa kuwa fitilar ƙwai ce da dutsen guga na gawayi. Ashe tun ran da abin ya faru ba ta ƙara taɓa makunni ba. A bayan ƙofa na ga ƙaramin akwati a ɗaure da igiya. Kayan yaran ne, ta wanke ta goge ta shirya tun kafin mu zo. Ƙaramin ya ɓuya bayanta yana leƙe na. Na ce, “To, maigida, ko cefane babu, kuma gaisuwar ma rowa?” Ya ƙara shigewa cikin zanenta. Babbar ce ta tsaya a gabana ta ce, “Kaka, har da Umma za mu tafi?” Na ce ta je ta yi wasa.

Bayan la'asar na ce a ba ni makullin ɗakin aiki. Ɗaki ne na kwano a gefen zaure, ƙofa ɗaya ta cikin gida, ɗaya ta waje. Da aka buɗe, warin ƙarfe da baƙin mai ya buge ni. Ga injin walda a lungu, akwatin ƙarfe ne mai wayoyi biyu masu kauri kamar igiyar guga. Ga injin huda ƙarfe, ga na wasa kaifi mai dutse zagayayye, ga wani dogo da ya saya tsoho ya gyara da hannunsa, wanda ke juya ƙarfe yana fere shi kamar ana fere rake. Ƙafafun gadaje huɗu na jingine da bango, ba a haɗa ba. Irin gadon da ya yi mini ne ya aiko, wanda nake kwana a kai. A jikin bango ya rataye masaba da awartakin ubansa, can sama da sauran kaya.

Shekara arba'in na yi ina matar maƙeri, na san inda ido ke fara zuwa. Ƙasa na duba. Daɓe ne irin na gida, ba siminti ba. Na koma bakin ƙofa na auna dokin ƙofar da hannu: ya ɗara tsakar gida da taƙi guda. Na bi wurin wanke-wanke, na ga rariyarsa bayan gida ta nufa, ta ba ɗakin baya. Na sa ɗiyar ƙanwata ta kwara bokiti guda a wurin, na tsaya ina kallo. Ko ɗigo bai nufi ɗakin ba. Ruwa ba ya hawa tudu. In ya shiga ɗakin nan, hannu ne ya kai shi.

Na tambayi wanda ya fara shigowa ranar. Aka kira mini maƙwabci, Malam Ndagi, wani dattijo Banufe mai haɗa wayar wuta a gidaje. Shi ya kashe wutar daga mita, shi ya janye ɗana. Ya gaishe ni ya tsuguna, ya jawo ɗaya daga wayoyin injin ya nuna mini inda robar ta ɗaye, bai kai faɗin farce ba.

Ya ce, “Mama, wannan kaɗai ba ya kisa. In ƙasa busasshiya ce, mutum da takalmin roba, cizo kawai zai ji ya yi tsalle ya zagi inji. Ni ya cije ni ya fi sau goma. Amma ƙafa ba takalmi, ƙasa da danshi, to ba ta saki.”

Na ce, “Ba ku gaya masa ba?”

Ya ce, “Har bakina ya gaji. Takalmi, ya ce maƙerar ubansa ba a shiga da takalmi. Ruwa kuma, kullum safe sai iyalinsa ta yayyafa ta share. Na ce malam, nan ba zugazugi ba ne, ka hana ta. Ya yi dariya, ya ce wannan doka daga sama ta zo, ba shi da bakin ɗage ta. Sai ya riƙa zama a waje yana shan koko har ƙasa ta bushe. Ran nan an kwana ana ruwa, daɓe bai sha iska ba, masu gadaje kuma sun zo sun tsaya masa a ka.”

Ban ji sauran maganarsa ba. Na nemi wuri na zauna a dokin ƙofar nan da na gama aunawa.

Shekara biyu da suka wuce na zo gidan nan sunan ƙaramin. Na leƙa ɗakin nan na tarar da garin ƙarfe ko'ina, ƙasa a bushe ƙamas. A gidanmu, matar maƙeri ita ke yayyafa wa maƙera ruwa ta share kafin mijinta ya zauna, don toka ta kwanta, don kuma aiki ya yi albarka. Uwar mijina ta koya mini, na yi shekara arba'in ban tsallake rana ba. Na kira Asabe gaban matan suna, tana jego, na wanke ta tas. Na ce 'yar ma'aikata ce, an koya mata karatu ba a koya mata miji ba. Ɗana ya leƙo daga zaure ya ce, “Inna, ai nan ba kamar gida ba ne...” Na ce ya rufe mini baki, ba da shi nake ba. Ya rufe. Ɗan fari ne, ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa zama na yi hira da shi ba, shi ma bai taɓa maimaita mini magana sau biyu ba.

Na sa kowa ya fita, na kira ta. Ta zo ta durƙusa daga bakin ƙofa, ba ta shigo ba.

Na ce, “Ruwan nan, wa ya sa ki?”

Ta sunkuyar da kai.

Na ce, “Wata huɗu da kwana goma ana cewa ke kika kashe shi. Maza sun zo sun faɗa a gabanki. Me ya hana ki buɗe baki?”

Ta ce, “Inna, ai hannuna ne ya yayyafa. In na faɗa ma, shi zai dawo? Ke kuma aka ce kina kwance.”

Ran da aka kawo mini labarin mutuwarsa ban yi kuka a gaban mutane ba, don ba a yi wa ɗan fari. A ɗakin nan na yi, Asabe tana riƙe da ƙafafuna tana ba ni haƙuri, kamar ita ce mai laifi.

Da safe, bayan an sha koko, ƙanin maigidana ya ce a fito da akwatin yara mu kama hanya kafin rana ta yi. Na ce a kwance akwatin. Na gaya masa komai, a gaban Asabe da Malam Ndagi da mahaifinta, wanda ya taho daga Unguwar Sarki kafin ya wuce ofis. Ya ce, “Haba Yaya, maganar dangi ce fa, ba ta mutum ɗaya ba.” Na ce, “Dangin bakina suka bi. Ni na ɗaura, ni na kwance. In an tambaye ka, ka ce ni ce.” Mahaifinta ya cire hula ya share fuska. Aka tsaya a kan ta koma gidansu da 'ya'yanta, babbar ta shiga makaranta, a riƙa kawo mini su da salla. Injinan kuma Malam Ndagi ya cire musu waya, ya shafe su da mai ya rufe da buhu, sai an zauna rabon gado. Rake aka ba yaran, suka zauna a bakin ƙofa suna sha, ko ɗaga kai ba su yi ba da muka fita.

Hanyar dawowa ita ce dai ta jiya, amma ban ga komai a kanta ba. Ban san ko direban ya ci gyaɗa ba. Zanen goyon da na taho da shi yana ƙulle cikin kaya, ban kwance ba. Mun iso gida gab da magariba, mata suka fito zaure suna leƙen bayana, suna tambayar ina yaran. Na ce suna wurin uwarsu.

Abin da tafiyar nan ta koya mini kaɗan ne, kuma ya zo a makare. Na san maƙera, ban san lantarki ba, na ɗauki dokar wuri na kai wani wuri, kuma na yi kaifin da ba mai iya ce mini a'a, har wanda ya fi ni sanin abin. Kwana ya ƙare, na sani, ba mai wuce ranarsa. Amma sanadi yana da mai shi. Duk mai ɗa da ke aiki da wutar nan a gida, in ya ce miki nan ba kamar gida ba ne, ki bar shi ya kai ƙarshen maganarsa.

Ni ban yi karatu ba, faɗa na yi aka rubuta, na kuma sa aka karanta mini na ji ba a rage ba. A karanta wa kowa, har dangin da suka zauna zaman nan na karɓo yara. Daga yau duk wadda ta ƙara cewa Asabe ce ta kashe mijinta, ta zo ta faɗa a gabana. Ina nan ɗakina, ba inda za ni.