Jiran Dakta a Durun

Ana sallame sallar asuba muka tashi daga Kano zuwa garinmu Durun, ni da ƙanena. Ɗan aike ne ya tashe mu: tun la'asar ɗin jiya bakin Baba ya karkace, hannunsa na dama ya saki.

Gidajen mai duk a rufe suke, sai wajen 'yan bumburutu muka sha galan biyu. 'Yan Hisba suka leƙa motar, suka ga gemu biyu, suka ɗaga mana hannu. A Rimin Gado ƙanena ya sayi ƙosai mai zafi, ban ci ko ɗaya ba.

Shekaru na yi a jami'a ina toshe wa ɓeraye jijiyar da ke kai jini ƙwaƙwalwa, don in ga abin da zai biyo baya. Ƙwayoyin ƙwaƙwalwar da ke tsakiyar wurin cikin mintuna suke mutuwa. Na kewaye kuwa suna nan da sauran rai, suna kumbura, suna zubo gubar da ke kashe maƙwabtansu, awa bayan awa. Waɗannan ake iya cetowa idan an yi sauri. Duk ramin da muka faɗa tsakanin Kabo da Durun, su nake tunani.

Muka tarar da Baba kwance a zauren da yake ba da karatu, an ba shi rubutu. Bayan gaisuwa na tambayi ƙanensa:

"Baffa, me ya hana a kai shi asibitin Gwarzo tun jiya?"

"Haba Dakta! Muna da kai, sai mu miƙa wa bare Malam? Kai muke jira."

"Baffa, ni fa ba likitan mutane ba ne."

Ya dube ni. "To na su waye?"

Shekara ashirin suna kira na Dakta, ina jin daɗi, ban taɓa zama na fayyace musu ba.

Kafin azahar muka kai shi Gwarzo. Likita ya tambayi lokacin da abin ya fara. Da na faɗa, sai ya ci gaba da rubutu.

Kwana shida na yi a can kafin na dawo Kano. Ƙafar Baba ta fara motsi, amma harshen da ya karantar da rabin garinmu bai dawo ba. Abin da na koya shi ne, ilimin da na bari a ɗakin gwaji ban kai gida ba, a kan Baba illarsa ta ƙare.