Taguwar Inna Ta Je Jamus

Maigidana mutumin kirki ne, Allah ya ba shi hutawa. Sai dai tun da ya sami aikin kuku a gidan wani Bature a Samaru, ko tari zai yi sai ya yi shi irin na Turawa.

A shekarar da na fara zuwa ajin yaƙi da jahilci, uwarsa, wadda muke kira Inna, ta aiko wa ɗanmu na fari taguwa daga ƙauye. Ita ta kaɗa zaren da hannunta, rani guda, ta kai wa masaƙi. Ta kuma aiko cewa za ta zo Kirsimeti ta ga “mijinta” a ciki, kada ta mutu ba ta gani ba.

Maigida ya ɗaga rigar da yatsa biyu kamar mushen ɓera.

“Ɗana ba zai shiga coci kamar mai kiwon awaki ba. Ki riƙa sauke tukunya da ita.”

Na ninke ta na sa a ƙasan akwati, ina ta tunanin idon da zan kalli tsohuwar nan da shi.

Matar Baturen Bajamushiya ce. Wata rana maigida ya aro hoton ubanta yana yaro, ya kawo gida a naɗe cikin adiko. Yaron ya tsaya ƙiƙam cikin riga har gwiwa, maɓallai sun gangaro ta gefe ɗaya, ga ɗamara mai faɗi ta zamo ƙasa da cibiya, ga ɗan wando ya kumbura a gwiwa.

“Kwat ɗin yaran Jamus ke nan,” in ji shi. “Ki kai wa tela a Sabon Gari. Kada ya ƙara, kada ya rage.”

Ban so in ja yaro cikin rana tun daga Samaru, don haka na ɗauki taguwar Inna don a yi awo da ita. Telan wani tsohon Bayarabe ne, Hausa a bakinsa kamar a Zazzau aka yanke masa cibi. Ya shimfiɗa taguwar, ya ajiye hoton a kai. Ya dubi wannan, ya dubi wancan, sai ya fashe da dariya har tabarau ya zame.

“Uwargida, me kike so in ɗinka? Ai ga ta nan kin kawo ɗinkakkiya. Taguwa ce kawai aka ɗaure mata ciki!”

Na duba da kyau. Wallahi gaskiyarsa. Na ce a hankali, “To Baba, a ɗaure wa wannan ma.”

Ya rufe wuyan, ya tsaga gefe, ya jera maɓallai. Ya rage tsawon ya yi ɗamara da abin da ya yanke, ya haɗa da wandon alawayyo.

Da maigida ya gani, sai ya murza yadin yana gyaɗa kai. “Kin ji kauri? Abin Turawa daban ne.”

Na ce, “Daban ne, Maigida.”

Inna ta iso da safiyar Kirsimeti. Tana ganin yaron ta kama gefen rigar, ta daɗe tana shafawa, sannan ta ɗago ta dube ni. Na sunkuyar da kai. Mai kaɗi ba ta ɓatan zarenta.

Bayan sujada maigida ya tasa mu gaba zuwa gidan Bature, wai gaisuwa. Baturiyar na ganin yaron ta dafe ƙirji tana dariya, ta yi magana mai tsawo da Turanci.

“Me ta ce?” in ji Inna.

“Ta ce ya yi kyau,” in ji maigida.

Ashe matar ta tsinci Hausa a kasuwa. Ta juyo wajen Inna da kanta: a ƙasarsu an bar sa wannan tun kafin yaƙin duniya na farko, ubanta ma kuka ya yi ranar hoton don yara na ce masa mace. Sannan ta durƙusa ta taɓa yadin. Wannan ne, in ji ta, abin so. A wane kanti ake samu?

Inna ta ɗaga hannuwanta biyu, yatsun duk sun yi kanta saboda kaɗi. “Ga kantin nan, ’yata.”

A hanyar gida maigida na gaba, bai waiwayo ba ko sau ɗaya. Inna ta riƙe hannun jikanta tana tafe a hankali.

“Mijina, ka yi kyau,” ta ce, da muryar da za ta kai gaba. “Ubanka ne dai, sai da rigata ta je Jamus ta dawo sannan ya gane ta.”

Kafin mu kai ƙofar gida yaron ya kwance ɗamarar, wai tana hana shi gudu. Ba wanda ya ce ya mayar.