Ƙarfen da Metir Sale Ya Bari

Ina shafa alli a tafin hannu, ina shirin atisayen safe, sai ga ƙanwar matar Metir, mai horar da mu, ta faɗo filin ko sallama babu. Ta ce, "Asabe, bari haka. Metir ya rasu." Babbar mota ce ta buge babur ɗin da ya hau a hanyar Maruwa, yana dawowa daga Mokolo. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Malam Sale tsohon malamin motsa jiki ne a sakandare, shi ya sa duk Garwa ake kiransa Metir, wato malam da Faransanci. Bayan ya yi ritaya ya buɗe fili a bayan gidansa, yana koya wa matasa ɗaga ƙarfe da gwangwanayen siminti. Mu mata leƙe kawai muke yi ta katanga.

Shekarar da aka yi gasar Olamfik a Japan, ya kira mu ƙarƙashin darbejiya, ya ɗaga wayarsa mai fasasshen gilashi. Muka ga wata 'yar Filifin, gajeruwa, ta cira ƙarfe sama da kanta, ta ci zinare na farko a tarihin ƙasarsu. Ta fashe da kuka, Metir ma ya share ido da hularsa. Ya ce, "An ce lokacin korona da jarkokin ruwa a jikin gora ta yi atisaye. Ku me kuka rasa? Ruwa ne babu a Kogin Benuwe?" A nan ya buɗe mana ƙofar filin mu ma. Tun daga ranar ya ɗauki 'yan wasan Filifin tamkar 'ya'yan cikinsa. In ɗan dambensu ya sha naushi, sai ya dafe haƙarƙarinsa.

Da mahaifina ya hana ni zuwa, Metir ya zo har zaure, ya durƙusa, ya miƙa masa wayar. "Alhaji, duba. Ita ma 'yar wani ce." Baba ya kalla, ya sake kallo. Can ya ce, "To, amma da dogon wando da ɗankwali."

Bai taɓa yi mini tsawa ba. In na kasa, sai ya ce, "Kada ki yi kokawa da ƙarfe, 'yata. Shiga ƙarƙashinsa."

Kafin tafiyarsa ya ɗaura mini nauyin da ban taɓa ɗagawa ba, ya ce in jira ya dawo. Ƙarfen yana nan yadda ya bar shi, ya fara tsatsa, an rasa mai kwance shi. Duk sanda na sunkuya gabansa sai in ji kamar ya tafa hannu, yadda ya saba ba mu izinin ɗagawa. In juya, kujerarsa ta roba ce kawai, babu kowa a kai. Sai in saki ƙarfen, in koma gida.

Allah Ya jiƙan Metir Sale, Ya yafe masa kurakuransa, Ya haskaka kabarinsa. Allah Ya ba matarsa Inna Mairo haƙuri, Ya raya yaran da ya bari. Mu da ya kira 'ya'yansa, Allah Ya ba mu ƙarfin ɗaukar wannan rashi. Amin.