Bindigar Baffa Jauro da Zabon Malam

Jama'a, yau saura ƙiris ku yi zaman makokina a maƙera.

Da hantsi Baffa Jauro na Aujara ya kawo mini tsohuwar bindigarsa, wai kura ta addabi maruƙansa. Tun da Nasara suka fara ƙwace bindigogi ya binne ta ƙarƙashin rumbu. Tsatsa ta cinye ta, kunamar ko motsi ba ta yi.

Na ce, "Baffa, ba albarushi ciki?"

Ya ce, "Wallahi fayau take."

Na labta mata man shanu, na kara ta a wuta, na ɗan ƙwanƙwasa da guduma. Daram! Hayaƙi ya turnuƙe, Baffa ya ɓace. Can bakin danga sai ga zabon Malam, maƙwabcina, yana shure-shure.

Malam ya fito, ya ɗaga zabonsa, ya daɗe yana kallona.

"Ka yi bisimilla kafin ka buga?"

"Malam, ba na ɗaga guduma sai da ita."

"To, ya halatta. A fige."

Sai muka ji muryar Baffa daga saman tsamiya: "Maƙeri, ta gyaru?"