Ƙofar da Baffa Ya Bar wa Ruwa

Yau da safe kogin Haɗeja ya kawo ruwa. Ƙanshin ɗanyar laka ya shigo har zaure, sai Baffa, yayan mahaifina, ya faɗo mini a rai.

A zamanin Turawa, in aka kira aikin tilas, ɓuya muke yi. Amma in Baffa ya kira gayyar jinga, tudun lakar da ke kare gonakinmu daga ambaliya, gari kaf ke fita. Sai dai bai taɓa yarda a rufe ta duka ba.

Wata shekara muna tsaye cikin laka har gwiwa, na ce, "Baffa, mu toshe nan mu huta mana."

Ya riƙe mini fartanya. "Kai, a bar wa ruwa ƙofarsa! Masuntan garin Guri na jiran kifi, Fulani na jiran ciyawa. Mu kaɗai za mu ci?"

Ɗazu na leƙa jingar. Abokan gayyarmu duk sun riga ni gidan gaskiya, ba wanda zan ce wa "ka tuna?"

Allah, ka buɗe wa Baffa ƙofar rahama a kabarinsa, kada ka rufe.