Ranar da Dogo Ya Sauko Daga Kan Takalminsa

Madubi ne ya haddasa rigimar. Satin farko da aure, Dogo mai aski ya ɗauko guduma ya kafa wa amaryarsa madubi a bangon ɗaki. Ya ja da baya ya duba, ya ga fuskarsa tsaf, har ya gyara gashin baki. Da amarya ta zo ta tsaya, haɓarta kawai ta gani da wuyanta da 'yar sarƙar da ke wuyan.

"Malam, wa ka kafa wa wannan madubin? Ni dai wuyana kaɗai ya sani."

"Ke ce kika cika ɗaga kai. Ai tsawonmu ɗaya."

Da ya yi shiru daga nan, da ya tsira da mutuncinsa. Amma ina, namiji da gardama. Ya nace, har da rantsuwa. Yayarsa da ta zo gaishe su ta ce a daina ɓata yawu. Ta tsayar da su baya da baya, ba takalmi, ta ɗora faranti a kan kawunansu, ta ajiye lemo a tsakiya. Lemon nan ko shawara bai tsaya yi ba. Ya gangaro ɓangaren ango, ya daki kafaɗarsa, ya mirgina har ƙarƙashin gado. Matan biyu suka yi dariya har da riƙe ciki. Amarya ta zaro lemon ta ɓare, ta miƙa masa ƙaramin rabin.

Sunan Dogo tun yana yaro abokai suka laƙaba masa don mugunta, ya kuma bi shi har ya danne na yanka. Wannan bai taɓa damunsa ba. Lemon ne ya tsaya masa a rai.

Washegari ya tafi wurin abokinsa mai gyaran takalmi, ya ce a ƙara masa dunduniya. Abokin ya yanko robar tsohuwar taya ya buga masa da ƙusa. Daga nan abin ya zama jiki. Matar ta yi masa tsiya, a ƙara roba. Wani zanƙalele ya shigo shago ya kalle shi daga sama, a ƙara roba. Idan takalmi ya mutu aka sayi sabo, sai an fara kai shi wurin abokin an gina masa bene kafin ya taka ƙasa. Yaran layi tun daga kwana suke jin ƙwas-ƙwas ɗinsa, su ce Baba Dogo ya taho.

A fannin sana'a kuwa, a faɗi gaskiya ko don lahira, hannunsa ba na wasa ba ne. Shagon ɗan ƙarami ne, benci ɗaya, rediyo mai tari, madubi mai tsaga a gefe, da kujerar aski da ya saya ta hannu. Kujerar nan a sama ta maƙale tun ranar da aka kawo ta, abin takawar da ke sauke ta ya karye. Aka ce ya gyara, ya ce kujerar manya ba ta sauka. Haka ya yi ta ɗage yana miƙa hannu sama kamar mai tsinkar mangwaro, yana zagaya kawunan mutane a kan ƙafar hagu. Da wannan tsayuwar ya aurar da 'ya'ya. Ya aske uba, ya aske ɗa, ya fara aske jika. Ko asirin wa kake nema a unguwa yana shagon, don mutum idan ya ji sanyin almakashi a ƙeya sai bakinsa ya buɗe.

Sai ƙugu ya fara magana. Bayan shi gwiwa ta amsa, wuya ya ce shi ma ba a bar shi a baya ba. Dogo ya ce katifa ce, aka canza katifa. Ya ce sanyin damina ne, damina ta wuce ciwo bai wuce ba. Ya ce matarsa ce take ɗauke matashi mai laushi. Gidan kuwa ya gauraye da warin man zafi, har kyanwar maƙwabta ta daina shigowa.

"Malam, takalmin nan ne," in ji matar.

"Maman yara, tudun takalmin nan ya girmi ɗanki na fari. Ki riƙa girmama shi."

Ranar da abin ya ɓaci, wani malamin makaranta ne a kujera, yana son a rage masa kaɗan. Dogo ya ɗage zai gyara tsakiyar kai, sai bayansa ya riƙe kamar an soka masa ƙusa. Hannu ya zame. Injin aski ya buɗe titi tun daga goshin malamin har ƙeya. Dole aka yi masa ƙwalkwabo, ya fita yana shafa kai yana waiwaye.

Da labari ya isa gida, 'ya'yansa suka ce Baba ya isa hutu, a rufe shago. Dogo ya shige ɗaki. Ya zauna a bakin gado yana juya almakashi a hannu. Mutumin da ko zazzaɓi bai taɓa hana shi buɗe ƙofar shagon nan ba, yau ana cewa ya zauna a gida ya kalli bango. Matar ta dube shi, ta ga babu wurin tsiya a nan. Ta ɗauki mayafinta.

"Tashi. Akwai wata likita da ta gyara wa ƙanwata wuya."

Likitar irin masu gyaran jiki da hannu ce. Aikinta ƙashi da gaɓoɓi da jijiyoyi, tana tausa, tana miƙarwa, tana duba yadda mutum yake ɗauke da jikinsa. Dogo ya shiga yana jiran allura. Ita kuwa bayan ta gama tambayoyinta, sai ta ce ya yi tafiya zuwa ƙofa ya dawo. Ƙwas, ƙwas, ƙwas. Ta kalli ƙasa, ta daɗe tana kallo.

"Baba, ɗan ba ni takalmin nan."

"'Yata, bayana ne ke ciwo."

"Na sani. Shi ya sa."

Ya cire. Nan take ya ragu, har likitar ta ɗan sauke ido ta nemo shi. Matarsa ta toshe baki da mayafi. Likitar ta ɗora takalman a kan tebur, na dama ya tsaya, na hagu ya karkace kamar ya sha wani abu, don gefen dunduniyarsa ya cinye. Ta ce idan diddige ya yi sama jiki yakan tafi gaba, sai ƙugu ya lanƙwashe don kada mutum ya kife, wuya kuma ya miƙo. Ga shi ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tudu, kullum a karkace yake tsaye.

"Wa ya yi maka wannan ginin?"

"Abokinsa," in ji matar. "Amma lemo ne ya ba da kwangilar."

Aka kwantar da shi a gadon aiki. Likitar ta danna nan, ta ja can, ta naɗe masa ƙafa ta juya ƙugu a hankali. Wani wuri ya ce ƙas. Dogo ya yi salati, ya ce a gaya wa yara ya yafe musu. Da ya sauko kuwa sai ya tsaya yana lalubar ciwon a inda ya saba samunsa, ya tarar ya yi sauƙi.

Likitar ta ce kada ya yi saurin murna. Hannunta zai sassauta, amma idan ya koma kan benen nan ciwo zai dawo. Kada kuma ya diro lokaci ɗaya, don jijiyar bayan ƙafarsa ta saba da tudu, sai a hankali. Ta koya masa miƙe ƙafa a jikin bango safe da yamma, ta ce ya riƙa dawowa. Da ta ji labarin kujerar askin, sai ta tambaye shi me ya hana a sauke ta. Ya buɗe baki zai ce ta manya ce, ya kalli matarsa, ya rufe.

Abokinsa mai gyaran takalmi ya kusa shiɗewa don dariya. Shi ya hau da shi, shi kuma ya riƙa sauko da shi, roba bayan roba, yana cewa bai taɓa rushe ginin da ya yi da hannunsa ba sai a kan Dogo. Mai walda ya gyara kujera, ta sauko tana kuka. Ranar farko da Dogo ya ga tsakiyar kan mutum ba tare da ɗage ba, ya ce ashe rabin unguwar nan sanƙo ne da su bai sani ba. Ciwon bai tafi duka ba, yakan leƙo idan an yi doguwar tsayuwa, amma shago bai rufe ba. Har malamin makarantar ya dawo, bayan gashi ya tsiro.

Wata safiya matar ta shigo shagon, benci cike da mutane, faranti a hannunta da lemo a kai. Ta tsaya tana dube-dube ta saman kansa.

"Jama'a, ba ku ga mijina ba? Da nakan ji ƙararsa, yanzu ko ganinsa sai na duƙa. Malam, zo mu sake gwadawa, ko ka ƙaru."

Benci ya ɗauki dariya. A kujera kuwa wani direban babbar mota ne, mutum kamar falwaya. Dogo bai ko juyo ba. Ya taɓa ƙeyar direban da yatsa ɗaya.

"Sunkuya, yallaɓai."

Direba ya sunkuya.

"Maman yara, ɓare lemonki ki sha. Kin fi ni tsawo, na yarda. Amma ke da tsawon naki, wa kika taɓa ce wa ya sunkuya ya sunkuya? Ni duk dogon da ke garin nan sai ya zo ya zauna ya sunkuyar mini da kai, in ya tashi kuma ya ce na gode."