Sama'ilu Mai Tebur da Likitan da Ke Shan Sigari

Shekara goma sha takwas Malam Sama'ilu ya yi yana kasa goro, alawa da taba sigari a tebur, a ƙofar ƙaramin asibitin ƙauyensu da ke kusa da Tofa. Shi kansa yana sha, kuma babban abokin cinikinsa shi ne likitan asibitin, Dokta Abdulrashid, wanda kan sayi kara biyu ya kewaya bayan gini.

A daminar da tari ya hana Sama'ilu noman gero, likitan ya auna ƙirjinsa, ya ce, "Baba, in ba ka bar taba ba, baɗi ma sai dai ka hangi gona daga nesa."

"To Likita," in ji Sama'ilu, "kai huhunka na ƙarfe ne? Ai ni nake ƙyasta maka ashana."

Likitan ya yi dariya, amma bisa shaidar ma'aikatan asibitin bai ƙara sha ba. Sama'ilu kuwa ya ga ba zai bari sa'an ɗansa ya fi shi juriya ba. Ya sha wuya wata biyu. Yanzu ya haura sittin, kuma da kansa yake huɗa gonarsa, har yana tsokanar masu tsayawa hutu.